Fashin Baƙi a Kan Kalmar Turanci "Rough": Daga Kaushin Fata Zuwa Kintacen Lissafi

Wata rana da la'asar, wani kawuna da ke shirin kewaye filinsa da katanga ya aiko a kira ni, na same shi a zaure riƙe da takarda, ransa a ɓace. Ya miƙo mini ita ya ce, "Kai ɗan nan, duba mini abin da yaron nan ya rubuto, don ni ban ga abin da na yi masa da zai yi mini haka ba." Takardar daga maginin da zai kama aikin take, a samanta an rubuta *rough estimate* da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma ga jerin buhunan siminti da bulo da yashi da ladan leburori. Ashe wani jikansa da ke sakandare ya riga ni karantawa, kuma da yake abin da aka koya masa a makaranta shi ne *rough* na nufin kaushi, sai ya shaida wa kakansa cewa an aiko masa da "lissafi mai kaushi", shi kuwa Kawu ya fahimci cewa an tsawwala masa kuɗi ne da gangan, har ma an rubuta masa hakan ƙiri-ƙiri don raini. Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu, ba abin da ya ce face wannan kintace ne, bai gama auna filin ba tukuna, kuɗin na iya hawa kaɗan ko ya sauka kaɗan." Sai ya numfasa ya ce, "To, ai da ya faɗa da Hausa."

Yaron bai yi ƙarya ba, kuma malaminsa bai ɓatar da shi ba, domin kaushi yana cikin ma'anonin kalmar, shi ne ma na farkonsu. Inda gizo ke saƙar shi ne, *rough* tana cikin kalmomin Turanci da ba su da takwara guda a Hausa. Abin da Bature ya tattara ya zuba cikin wannan kalma ɗaya, Bahaushe ya rarraba shi gida-gida: yana da kaushi domin fata da tufafi, gargada domin hanya, keta da garaje domin wasa, tumbatsa domin ruwa, kintace domin lissafi, ƙunci domin rayuwa. Saboda haka wanda ya haddace fassara ɗaya zai yi ta cin tuntuɓe, amma wanda ya gane zaren da ya ɗinke ma'anonin zai iya cankar abin da ake nufi ko da bai taɓa jin jimlar ba. A fahimtata zaren shi ne wannan: duk abin da aka kira *rough*, abu ne da hannu bai bi ta kansa ya daidaita shi ba, ko dai domin ba a kai ga goge shi ba, ko kuma domin shi kansa ya ƙi kwanciya.

Kafin a shiga ma'ana, ya kamata a kawar da matsalar furuci, domin rubutun kalmar yana yaudarar ido. Haruffa biyar ne a takarda, amma sautuka uku ne a baki, kuma abin da ya fi kusa da su a rubutun Hausa shi ne "raf". A nan Bahaushe yana da sa'a, domin wasalin da ke tsakiyar kalmar, wanda shi ne a *bus* da *number* da *pump*, kunnen kakanninmu ya ji shi a matsayin "a" gajere tun lokacin da suka aro bas da lamba da famfo, kuma wannan ya fi kusa da yadda mutanen kudancin Ingila da Amurkawa ke furtawa fiye da "rof" da ake yawan ji a kudancin Nijeriya. A arewacin Ingila kuwa, kamar wajajen Manchester da Yorkshire, abin da za ka ji ya fi kama da "ruf". Wurin da Bahaushe zai yi hattara shi ne sautin ƙarshe, saboda "f" ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, ita kuwa ta Turanci sai haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa, idan ba haka ba mai sauraro zai iya jin wata kalmar daban.

To, daga ina *gh* ta fito, kuma me ya sa take ba da sautin "f"? A tsohon Ingilishi, wato wanda aka yi magana da shi kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066, ana rubuta kalmar *ruh* ne da dogon wasali, kuma harafin ƙarshen daga maƙogwaro ake fito da shi, kamar yadda almajiri ke furta harafin "kha" na Larabci. Marubutan da suka biyo baya suka riƙa rubuta wannan sauti da *gh*. Tsakanin ƙarni na 15 da na 17 sautin ya ɓace daga bakin yawancin mutanen Ingila: a wasu kalmomin ya yi shiru gaba ɗaya, kamar *though* da *through* da *night*, a wasu kuma ya rikiɗe ya koma "f", kamar *rough* da *tough* da *enough* da *cough* da *laugh*. Sai dai a daidai wannan zamani ne injin ɗab'i ya iso, William Caxton ya kafa nasa a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa a kan tsohuwar siffarsa, baki ya ci gaba da tafiya, alƙalami ya tsaya inda yake. Mutanen Sukotland har yau suna riƙe da tsohon sautin a kalmar *loch*, wadda suke kiran tafki da ita. Wannan tarihi ne ya sa babu wata doka da ɗalibi zai dogara da ita wajen karanta *ough*, dole kowace kalma a koye ta ita kaɗai.

Tsohuwar ma'anar kalmar ta fi rubutun nata amfani ga mai koyo. Da farko ana siffanta abu mai gashi ne da ita, kamar dabba mai gashi buzu-buzu, ko fatar da ke tare da gashinta, ko tufa mai tsiri-tsirin zare, ko ƙasar da ba a share an nome ba. 'Yan'uwanta suna nan da ransu a harsunan da suka fito tsatso ɗaya da Ingilishi: Holanci yana da *ruig*, Jamusanci yana da *rau*, wadda ake rubutawa *rauh* har zuwa gyaran ƙa'idar rubutu na 1996. Duk wanda ya taɓa zama a kan buzun malam ya san abin da ake nufi, domin idan ka shafa gefen da ke da gashi hannunka zai riƙa sarƙewa, idan ka juya gefen da majemi ya yi wa aiki hannun zai wuce sumul. Bambancin da ke tsakanin fuskokin buzun nan biyu shi ne bambancin *rough* da kishiyarta *smooth*, kuma daga nan sauran ma'anonin suka yi rassa.

Reshe na farko shi ne wanda jikan Kawu ya sani, wato abin da tafin hannu ke ji. Diddigen da hunturu ya yi wa faso, tafin hannun manomi da ya yi kanta saboda riƙon fartanya, harshen kyanwa, bangon da aka yaɓa wa siminti ba a shafe shi ba, katakon da ya fito daga injin tsaga, duk waɗannan *rough* ne, kuma a nan "mai kaushi" ta wadatar. Da zarar abin ya girma ya wuce tafin hannu, Hausa sai ta sauya kalma, Turanci kuwa ya riƙe tasa. *A rough road* hanya ce mai gargada, *rough ground* kuma fili ne mai tudu da kwari da duwatsu da kututture. Masu wasan golf sun mayar da siffar suna kacokan, suna kiran gefen filin da aka bar ciyawarsa ta yi tsawo *the rough*, inda ɗan wasa ba ya so ƙwallonsa ta faɗa.

Abin sha'awa shi ne, injiniyoyi ba su bar wannan siffa a hannun ji da kintace ba, sun yi mata ma'auni. Bayan wani gwaji da aka gudanar a hanyoyin Birazil a 1982, Bankin Duniya ya fito da ma'aunin gargadar hanya da ake kira IRI a taƙaice, wanda ke lissafa yawan sama da ƙasa da mota ke yi a kowace kilomita. Sabon titi mai kyau bai cika wuce mita 2 zuwa 3 a kilomita ba, amma hanyar ƙasa da damina ta cinye takan haura 10. Masu ƙera sassan inji su ma suna auna kaushin fuskar ƙarfe da ma'aunin da ya kai ƙanƙantar kashi ɗaya cikin dubu na milimita, domin ƙarfen da ido ke gani sumul, idan aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma sai a ga duwatsu da kwazazzabai. Ɗaliban ilimin halittu kuma sun haɗu da kalmar a darasin ƙwayar halitta, inda aka raba wani sashe gida biyu, *rough* da *smooth*, saboda kawai ɗaya yana da ɗigo-ɗigon ƙwayoyi manne a jikinsa, ɗayan kuma ba shi da su.

A nan ne ya dace a tsaya a raba ta da maƙwabtanta, domin yawancin kurakuran da nake gani a rubutun ɗalibai daga cakuɗa su suke tasowa. Wadda ta fi kusa ita ce *coarse*, kuma shagon kafinta ya isa ya nuna bambancin. Kafinta zai ɗauko katako mai kaushi ya fara bin sa da samfefa mai lamba 40 ko 60, wadda yashin jikinta manya-manya ne har yatsa na iya ƙirga su, daga nan ya koma mai lamba 120, ya ƙarasa da mai 220 wadda ta yi kusa da laushin takarda. Katakon shi ne *rough*, samfefar farko ita ce *coarse*. Ta farko tana magana ne a kan yadda fuskar abu take, ta biyu kuma a kan girman ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abin. Shi ya sa ɓarzajjen hatsi da tsaki da gishiri mai manyan ƙwayoyi da yashin kogi mai tsakuwa duk *coarse* ne, kuma kishiyarta ita ce *fine*, wato lallausan gari kamar na tuwon da aka tankaɗe da rariyar laushi. Idan aka ɗora ta a kan mutum kuwa, *coarse* ta fi zafi, domin tana nuni ga batsa da rashin tarbiyyar baki.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. *Uneven* tana nufin abin da bai daidaita ba, ko da kuwa yana da santsi: ɗakin da aka shimfiɗa wa tayil mai sheƙi amma kujera na rawa a kansa *uneven* ne, ba wanda zai kira shi *rough*. *Bumpy* daga bakin fasinja take fitowa, wanda kujera ke cilla shi sama. *Jagged* ta fasassun kwalaben da ake kafawa a saman katanga ce, abu mai tsini-tsini da zai yanki mutum. *Rugged* ta ƙasa mai duwatsu da hawa da gangara ce, irin ta tsaunukan Mambila, kuma idan aka faɗe ta a kan mota ko takalmi yabo ne, ana nufin ƙarko da jure wahala. *Crude* ita ce ɗanyen abu da ba a sarrafa ba, kamar ɗanyen mai, *harsh* ta zafin rana ce da tsananin hukunci da sabulun da ke cin fata, *hoarse* kuma ta muryar da ta dishe. Ita *rough* tana iya leƙa gidan kusan kowace daga cikinsu, kuma wannan faɗin nata shi ne ya sa marubuci mai son fayyace magana yakan bar ta ya ɗauki wadda ta fi ƙunci.

Reshe na biyu ya bar abin da ke kwance ya koma kan abin da ke motsi. Fuskar ruwa idan ta lafa *calm* ce ko *smooth*, idan iska ta tayar da ita ta zama tudu da kwari sai a ce *rough sea*. Masu jiragen ruwa sun ɗaure wannan ma da lamba: a ma'aunin Douglas da ake bayyana yanayin teku da shi, mataki na 5 shi ne *rough*, inda igiyar ruwa ke kai tsawon mita 2.5 zuwa 4, mataki na 6 kuma *very rough*, daga mita 4 zuwa 6, kuma waɗannan kalmomi ne ake ji a hasashen yanayin teku da BBC ke karanta wa matuƙa jirage a kewayen Birtaniya. Alhajin da jirginsa ya yi ta girgiza cikin gajimare ya sha *a rough flight*, idan kuma jirgin ya doki ƙasa da ƙarfi lokacin sauka, an yi *a rough landing*. Makanike ma yakan ce inji yana *running rough* idan ƙararsa ta daina tafiya bai ɗaya, tana yi tana sarƙewa.

Daga motsin ruwa da inji zuwa motsin mutum taki ɗaya ne. *Rough play* wasa ne na ture-ture da bangaza, wanda a filin ƙwallo muke kira keta, kuma a ƙwallon Amurka laifin da ake kira *unnecessary roughness* yana jawo wa ƙungiya asarar yadi 15. *Rough handling* shi ne yadda ake jefa kayan fasinja a tasha ba tare da tausayin abin da ke ciki ba. *A rough neighbourhood* unguwa ce da ta yi ƙaurin suna wajen faɗace-faɗace da 'yan daba, ba a nufin titunanta ne ke da ramuka, ko da yake sau da yawa abubuwan biyu tare suke tafiya. Idan aka ce mutum *rough* ne, ana nufin ba shi da tausasawa a hannu da baki, bai iya lallashi ba, amma ba lallai a ce mugu ne ba. Akwai wani tarko a nan ga masu fassara daga Hausa zuwa Turanci. Mun saba ji a labarai cewa wani ya yi suka "da kakkausar murya", sai mai fassara ya ga kaushi a ciki ya rubuta *in a rough voice*, alhali wannan a Turanci yana siffanta amon muryar ne kawai, irin ta wanda maƙogwaronsa ke gurzawa, ba ya nuna zafin maganar. Abin da ya dace a wurin shi ne *strongly* ko *in harsh terms*.

Ya kamata a lura cewa a wannan reshe kalmar ba kullum take zama zargi ba, musamman a Amurka, inda ake ganin rashin gogewa irin ta 'yan birni a matsayin alamar jarumta da gaskiya. Sojojin Janar Zachary Taylor sun laƙaba masa *Old Rough and Ready* saboda rashin damuwarsa da ado da kuma yadda yake shan wahala tare da su, kuma laƙabin ya bi shi har fadar shugaban ƙasa a 1849. Haka nan rundunar mahaya dawaki 'yan sa-kai da Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yi suna da ita a yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898 an san ta da *Rough Riders*, sunan da suka ɗauka da alfahari. Salon maganar *rough and ready* har yau yana nan, ana faɗinsa a kan abin da ba shi da kyan gani amma yana biyan buƙata, kamar rumfar da aka kafa cikin gaggawa ta kuma tare ruwan sama.

Reshe na uku shi ne wanda ya ɓata wa Kawu rai, kuma shi ne, a ganina, wanda ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa suka fi buƙata, domin ya fi yawa a takardun aiki. A nan *rough* tana nufin abin da ba a kammala ba, ko wanda ba a tantance shi dalla-dalla ba. *A rough draft* daftarin farko ne da za a dawo a gyara, *a rough sketch* zane ne na sama-sama, *a rough idea* fahimta ce ta jimla wadda ba ta shiga filla-filla ba, *a rough translation* fassara ce da ta kawo ma'ana ba tare da an tace lafazi ba, *a rough estimate* kuma kintace. Daga nan aka samo *roughly*, wadda idan ta zo gaban adadi take daidai da "kimanin" ko "wajen" ko "kusan", kamar a ce *roughly 200 people*, wato mutum wajen 200. Sai dai ita ma tana da fuska biyu, domin a *he pushed her roughly* ta koma reshe na biyu, ana nufin ya ingije ta da ƙarfi. Abin da ke raba su shi ne abin da kalmar ta jingina da shi, adadi ne ko aikatau.

A wannan amfani akwai wata dabara ta zaman tare da ba a cika koyarwa a aji ba. Wanda ya rubuta *rough* a saman lissafinsa yana kare kansa ne, yana cewa kada a kama shi da wannan adadi gobe, kuma wanda ya miƙa wa shugabansa aiki ya ce *it is still rough* yana neman a yi masa sassauci ne kafin a fara suka. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba mutum ya sa hannu a yarjejeniyar kuɗi bisa takardar da ke ɗauke da wannan kalma, domin mai ita ya riga ya buɗe wa kansa ƙofar fita. Abin da ake ɗaure magana da shi shi ne *quotation* ko *final figure*.

Lu'ulu'u ya haɗa reshe na farko da na uku wuri ɗaya. Dutsen da aka haƙo ba a yanka shi an goge ba ana kiransa *rough diamond*, kuma idan ka gan shi ba ka sani ba za ka ɗauka guntun gilashi ne da ya daɗe cikin ƙasa. Mafi girman irinsa mai darajar ado da aka taɓa samu shi ne Cullinan, wanda aka tono a wata mahaƙa kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu a 1905, nauyinsa karat 3,106 a ma'aunin duwatsu masu daraja, sannan aka kai shi Amsterdam aka yanka shi a 1908, aka fitar da manyan duwatsu tara da ƙanana da dama. Tsarin Kimberley da ya fara aiki a 2003 domin hana cinikin lu'ulu'un da ke ɗaukar nauyin yaƙe-yaƙe shi ma a kan irin wannan ɗanyen dutse yake magana. Daga nan Turawan Birtaniya suke kiran mutum *a rough diamond*, Amurkawa kuma su ce *a diamond in the rough*, suna nufin wanda halinsa na waje ke da kaushi ko bai goge ba, amma cikinsa akwai alheri ko baiwa. Shi kuwa *rough justice* ya fi kusa da abin da muke kira ɗanyen hukunci, wanda aka yanke ba tare da an bi diddigi ba, ko da a wani lokaci ya faɗa kan wanda ya cancanta.

Akwai kuma amfanin da ya shafi halin rayuwa, wanda hoton hanya mai gargada ne aka ɗora a kan kwanaki. *A rough day* yini ne da aka sha wuya, *a rough night* dare ne da barci ya gagara, *a rough patch* kuma wani ɗan lokaci ne na tsanani da ma'aurata ko kasuwanci ke ratsawa da fatan zai wuce. Maganarsu ta *take the rough with the smooth* ita ce tamu ta yau zuma gobe maɗaci. Biyu daga cikin irin waɗannan na Birtaniya ne musamman. *To sleep rough* shi ne kwana a titi ko ƙarƙashin gada saboda rashin matsuguni, kuma kalma ce ta hukuma, domin gwamnati tana kiran irin waɗannan mutane *rough sleepers*, tana ƙidaya su a Ingila kowace kaka, kuma a 1824 an taɓa yin dokar da ta mayar da irin wannan kwana laifi a Ingila da Wales. *To feel rough* kuwa shi ne jin jiki ba daɗi. Kada a haɗa na farkon da *to rough it*, wanda yake nufin mutum ya haƙura da rashin jin daɗi na ɗan lokaci, sau da yawa da son ransa, kamar wanda ya je ƙauye ya kwana a tabarma ba wuta ba fanka.

Ta fuskar nahawu kalmar ba ta da wahala. Ana cewa *rougher* da *roughest* wajen kwatance, sunanta *roughness*, aikataunta *roughen*, kuma daga gare ta aka samo *roughage*, wato dusa-dusar abinci da ganyayyaki masu taimaka wa hanji. Abin lura shi ne ƙananan kalmomin da ke bin ta. *He is rough with the child* yana nufin yana yi wa yaron riƙon garaje, amma *it is rough on the child* yana nufin halin da ake ciki ya yi wa yaron nauyi, ba tare da wani ya taɓa shi ba. *To rough someone up* lakaɗa wa mutum duka ne, galibi don tsoratarwa, *to rough something out* kuma zayyana abu ne a gurguje.

Saura amfanin da Turancin Nijeriya ya ƙara wa kalmar, wanda ya kamata mai koyo ya san iyakarsa. A makarantunmu ana cewa *rough work* da *rough paper* ga lissafin gefe da ake yi kafin a rubuta amsa, kuma wannan daidai yake da Turancin ko'ina. Amma mun faɗaɗa kalmar ta rufe duk abin da ke a hargitse: ɗakin da ba a kintsa ba mukan ce *rough* ne, rigar da ba a goge ba *rough* ce, rubutun hannu mai kama da tafiyar kaza *rough* ne, direba mai tuƙin ganganci shi ma haka, har mukan mayar da ita aikatau mu ce *don't rough my shirt*. Ba na ganin wannan a matsayin aibi idan tsakaninmu ne, domin kowa ya fahimta, kuma bai yi nisa da asalin ma'anar ba. Sai dai a takardar jarrabawa ko wasiƙar da za ta tsallaka teku, ɗakin *untidy* ne ko *messy*, rigar *creased* ce ko *rumpled*, direban kuma *reckless*. Wanda ya ce wa abokin aikinsa *you look rough* a Kano, abin da yake nufi shi ne yau kayansa ba su ga dutsen guga ba, amma idan a Landan ya faɗa, abin da abokin zai ji shi ne ana ce masa fuskarsa ta nuna ba shi da lafiya, ko kuma ya kwana yana shaye-shaye.